Lambun Shazli

Kowace safiya, kafin in ɗora tukunyar wake, aikina na farko shi ne in jiƙa wa mijina rigar nutso. In sauko da ita daga ƙusa, in tsoma a baho, in barbaɗa mata gishiri, in kai ƙofar ofis in rataya inda duk baƙon da ya shigo zai ga tana ɗiga. Shekara ashirin da ɗoriya ina wannan bauta. Rigar ta koɗe, gwiwoyinta sun yi laushi, amma ni Insaf ina rantsuwa da Allah teku ba ta taɓa ganinta ba. Ruwan famfon gidanmu ne ya cinye ta.

Mijin nawa shi ne Rayyis Shazli (Rayyis muke ce wa shugaban jirgin ruwa), wanda gidan nutsonsa ya fi na kowa daɗewa a kudancin Kusair, garinmu na bakin teku a ƙasar Larabawa. Turawa sukan taso tun daga Jamus da Italiya, su sha zaman jirgin sama, su sha na mota, don kawai su goya tukunyar iska su nutsa a Lambun Shazli, wani dutsen murjani can cikin teku. Sunan har a littattafan masu yawon buɗe ido yana nan, da hoton mijina ya riƙe ƙugu. Shi kuwa mai lambun, ruwa bai taɓa wuce masa cibiya ba. Mutumin da ko kansa zai wanke sai ya dafa bango yana salati! Tuƙin jirgi kam a ba shi, ya san teku daga sama kamar tsakar gidansa. Amma ya leƙa ƙasa? Allah ya kiyaye.

A gaɓar nan tamu, duk wanda ya fara gano wuri, sunansa ake sa wa wurin. Shekarun baya, lokacin jirginmu ɗaya ne tak, na kamun kifi, Shazli ya ɗauki wasu Turawa yawo, ya jefa ƙugiya, ta maƙale. Yayana Rifa'i, wanda shi ne mai nutson jirgin, ya sauka ya ɓamɓaro ta. Ya fito yana haki yana cewa su zo su ga abin da Allah ya ɓoye. Turawan suka sauka, suka fito suna ta sumbatu, suka tambayi wanda ya gano wurin. Rifa'i na can bayan jirgi yana fyace ruwa daga hanci, Shazli na gaba a kan sitiyari, sai ya bugi ƙirji. Wai ai shi ya jefa ƙugiyar. Da na ji labari na ce sai na tona masa asiri a gaban jama'a. Rifa'i ya yi dariya ya ce, "Bar shi, ƙanwata. Shi ya ɗauki sunan, ni in ɗauki kallon."

Kullum da la'asar Rifa'i yakan zauna a tsakar gidanmu, kofin shayi a hannu, yana ba da labarin abin da ya gano a ƙasa. Shazli ya miƙe ƙafa, ya lumshe ido, yana haɗiyewa. Da ciwon hanta ya ɗauke Rifa'i, Allah ya jiƙansa, labaran ba su bi shi kabari ba. Suka tare a bakin mijina.

Kafin a nutsa, dole mai jirgi ya tara baƙi a gaban farin allo ya zana musu wurin. Sauran masu jirage kamar ana korarsu suke yi: wurin ba zurfi, ku bi hagu, in iska ta yi rabi ku juyo, a sauka lafiya. Shazli kuwa sai ya gyara rawani, ya ɗauki jan alƙalami, ya yi shiru har kowa ya nutsu. Sannan ya fara, da Jamusancinsa mai ɗingishi, inda kalma ta gagara hannu ya ƙarasa.

"Da kun sauka kada ku yi gaggawa. A damanku akwai jan murjani mai faɗi, ya kai ƙofar masallaci, yana kaɗawa a hankali. Ku yi masa sallama. Bayansa akwai kogo mai baki biyu, ƙananan kifaye sun cika shi, garai-garai har kana ganin ƙashinsu. In kun shiga za su buɗe muku hanya, su rufe a bayanku. Sannan Hajja. Tsohuwar kunkuru ce, gefen ƙoƙonta ya ɓalle. Ba ta son hayaniya, ba ta son Italiyawa."

Sai a kwashe da dariya, har da Italiyawan. Daga nan ya dafa kunnensa na dama, ya ɓata fuska. "Ni yau kunnen nan ya sake tashi. Ku gaishe min da Hajja."

Kunnen nan ya shekara ashirin yana tashi. 'Yarmu Tahani ce ke sauka da baƙi. Ita ta gado kawunta, tun tana 'yar mitsitsiya ba a raba ta da ruwa, yanzu har takardar koyar da nutso gare ta. In sun fito, Shazli ya tare su a bakin tsani: "Kun ga Hajja?" Su ce, "Mun gani, Rayyis, tana gaishe ka." In wani ya miƙo masa kyamara ya ga hoto, sai ya kau da kai: "Ni za a nuna wa lambuna a cikin akwati?" Tsoro yake ji kada ya kira wani kifi da sunan wani. A haka har aka daina nuna masa.

Tahani ta sha yi masa magana a kan ƙugiya. "Baba, mu ɗaura igiya ta dindindin, mu daina jefa ƙarfe a wurin nan." Ya ce ƙugiya ce ta gano masa arziki, ba zai yi mata butulci ba don kawai 'yarsa ta yi karatu. Ga kuma maƙwabta, kowa ya sayi jirgi, kowa sai Lambun Shazli. Wata ran jiragen da ke kan wurin sun fi motocin tasha yawa, shi kuwa yana ƙirga su yana murmushi.

Cikin baƙinmu akwai Madam Gudrun, tsohuwar ungozoma daga Jamus, wadda ba ta taɓa fashin shekara ba tun zamanin Rifa'i. Rana ta gasa ta har ta fi ni duhu, ta iya Larabcin kasuwa, tana cin barkono fiye da Shazli. Bana sai ga ta da sabon miji. Da tsufanta, jama'a! Wani dogo mai fara'a, Dokta Anselm, irin mutanen nan da in sun tashi yi maka alheri sai ka nemi wurin ɓuya. Kuma likitan me? Likitan kunne.

Ranar da suka iso na dafa shinkafa da kifi, aka zauna a rumfar ofis, har da Rayyis Bakhit maƙwabcinmu, wanda ba ya jin ƙamshin girkina ya wuce, kuma ba ya ƙaunar mijina ko kaɗan. Ana cikin ci Dokta ya buɗe jaka ya fito da abu biyu. Na farko farantin tagulla, an rubuta sunan Shazli da haruffanmu da nasu. A ɓoye ya sa aka yi shi, ko matarsa ba ta sani ba, wai a kafa shi a ƙasan teku a tsakiyar lambun. Na biyu 'yar fitilar leƙa kunne. Kafin Shazli ya haɗiye lomar da ke bakinsa, mutumin nan ya cafke masa kunne ya zura.

"Madalla!" in ji Dokta. "Kunnen jariri! Rayyis, ka warke. Kafin mu koma, kai za ka kafa wannan da hannunka, ni in ɗauki hoto."

Na ga Madam Gudrun ta take wa mijinta ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ta ce, "Rayyis ya manyanta, a bar Tahani ta kafa." Tahani ta yi caraf ta ce, "Ni zan kafa, Baba, ka huta." Da an tsaya nan da an wuce wurin. Amma Bakhit ya tsame hannu daga tasa, ya lashe yatsa, ya ce, "Gaskiya ne, a bar dattijo. Mu dai tun muna samari muke ganin rigar nan tana ɗiga, ba mu taɓa ganin mutum a cikinta ba."

Na kalli mijina, na ga gashin bakinsa yana rawa. A garin nan in ta tabbata mai gidan nutso bai taɓa nutso ba, an gama da shi. Sunan zai fita daga lambun, ko a teburin mai shayi ba zai iya zama ba. Ya ajiye cokali ya ce, "Zan kafa. Kai ma ka zo ka gani, Bakhit, in za ka iya rabuwa da tasar matata."

Da muka shiga gida ya zube a kan tabarma ya ce, "Umm Tahani, na mutu."

"Ba ka mutu ba tukuna, Abu Tahani, da sauran 'yan kwanaki. Wa ya aike ka?"

"Ba ki ji abin da ya ce ba?"

"Na ji. Ƙarya ya yi?"

Na faɗa masa son raina, amma wallahi tausayinsa ya kama ni. Cika baki gare shi, na sani, amma bai taɓa barin mu da yunwa ba, kuma ni ban yi shekara ashirin ina jiƙa riga don Bakhit ya yi mana dariya ba. Na jawo bahon nan dai, na cika shi, na ce wa Tahani ta kawo tukunyar iska.

Ta tsaya a ƙofa ta ƙi motsi. "Mama, kada ki bari ya sauka."

"Ke da kike saukar da tsofaffin Turawa masu dogara sanda, ubanki ne zai gagare ki?"

"Ba wannan ba ne."

"To mene ne?"

Ta kalli ubanta. Ta je ta kawo tukunyar.

Kwanakin nan abin da idona ya gani! Rayyis Shazli guda, durƙushe a tsakar gida, gilashi a fuska, tiyo a baki, kai cikin bahon wanki, ɗuwawu a sama. Tahani na riƙe da ƙeyarsa tana cewa, "Numfashi, Baba, a hankali." Ya ɗago yana tari ya ce ya ga mala'ikan mutuwa. Na ce, "Tambarin kamfanin baho ne, koma." Matar Bakhit ta leƙo ta katanga, na ce mata sirace yake yi, mura ta kama shi. Daga baho aka koma bayan gari, wani lungun gaɓa inda ba kowa, ruwa iya wuya. A hankali dai ya koyi zama a ƙasa ba tare da ya kira uwarsa ba.

A can ma Tahani ta sake gwada shi. "Baba, mu kafa farantin a nan kusa mana. Wa zai sani?"

Ya ce, "A lambuna. Tunda mutuwa zan yi, bari in ga abin da nake sayarwa." Sai ya yi ƙasa da murya. "Ina ganinsa a mafarki, Tahani. Daidai yadda kawunki ya faɗa."

Ranar da aka sa, na ce ni ma sai na shiga jirgin. In zai mutu ya mutu a gabana, ba a zo ana ba ni labari ba. Bakhit ya biyo mu da nasa jirgin, ya kwaso har surukansa. Aka ɗauko shahararriyar riga, Shazli ya zura ƙafa ɗaya, ta yage tun daga cinya har wuya, don an saye ta ne lokacin yana da ƙugu. Ya ce ai yawan aiki ne ya cinye ta. Aka ba shi ta haya.

Da muka isa aka jefa ƙugiya, ya tsaya a gaban allo. Ban taɓa jin ya yi bayani kamar na ranar ba. Muryarsa na rawa don tsoro, su kuwa suna zaton shauƙi ne. Da ya zo kan Hajja, hannunsa ya tafi kunne da kansa, ya tuna, ya wayance da sosa ƙeya. Aka goya masa tukunya, ya yi kalmar shahada da ƙarfi har mutanen jirgin Bakhit suka amsa, Tahani ta kama shi ta baya, suka faɗa. Dokta ya bi su da kyamara da faranti. Kumfa ta taso, ta yi nisa da jirgi.

Madam Gudrun ba ta sauka ba. Ta zo ta zauna kusa da ni, inda nake yanka tumatir don hannuna ya sami abin yi. Ta kunna taba ta ce, "Umm Tahani, babu lambu."

Na ce, "Na'am?"

"Babu. Ya mutu da daɗewa. Ƙugiyoyi sun farfasa shi, ƙafafunmu sun tattake. Wata bazara ruwa ya yi zafi, abin da ya rage ya yi fari ya ruguje. Tsakuwa ce a ƙasan nan, toka-toka, sai robobin ruwa."

"Hajja fa?"

"Rabon da a ga Hajja tun Tahani tana makaranta."

Wuƙar ta tsaya a hannuna. "To ku me kuke cewa kun gani?"

"Me za mu ce? Mutum ya tare ka a bakin tsani fuskarsa tana haske." Ta busa hayaƙi. "Sababbi suna zaton su ne ba su iya kallo ba, kunya ta hana su faɗa. Sun taso daga nesa, in sun koma dole su ce sun ga aljanna. Mu tsofaffi kuwa mun san bai taɓa sauka ba."

"Kun sani?"

"Tun zuwana na biyu. Rigar nutso ba ta ƙamshin sabulun wanki."

Ni 'yasu! Gishirin da na ɓarnatar, da na tara shi da na buɗe shago! Raina ya ɓaci, na ce, "To don Allah me ke kawo ki kowace shekara? Ki zo ki yi iyo a kan tsakuwa?"

Ta daɗe tana kallon inda kumfar take. "Na ga lambun nan da idona, tare da yayanki. Yanzu babu shi a teku. A bakin Rayyis kaɗai ya rage, don shi kaɗai ne bai ga ya mutu ba. In ya gama bayani, sai in sauka in rufe ido." Ta murƙushe tabar. "Na so in gaya wa Anselm duk wannan, na ce bari sai mun iso. Ga shi nan."

Ni ma duk shekarun nan, in na tuna Rifa'i, sai in lallashi kaina in ce ai lambunsa yana nan.

Kumfa ta dawo kusa, kan Shazli ya ɓullo. Jirginmu ya ɗauki tafi da fito. Dokta ya ɗaga kyamara sama yana ihu wai an kafa. Bakhit ya ce a tayar da inji, ko sallama bai yi mana ba. Sunan mijina ya tsira, ga hoto, ga shaidu.

Aka jawo shi sama, aka sauke masa tukunya, ya zauna a kan benci. Dokta ya tambaye shi kunne, bai kula shi ba. Ya kalli 'yarsa.

"Tahani, kin ɓata hanya."

"Nan ne, Baba."

"Ba nan ba ne. Ina ƙofar masallacin?"

"Inda muka fara durƙusawa. Nan take a da."

"Kogon fa?"

"Ya rufta."

Ruwa na ta ɗiga daga gashin bakinsa. Sannan ya juyo wurina ya kira ni da sunana, abin da rabonsa da yi a gaban mutane tun ina amarya. "Insaf, duk inda na dafa sai ya marmashe. Ba mu sami abin da za mu ɗaura farantin ba sai wata tsohuwar ƙugiya. Tawa ce. Na gane waldar."

Washegari sababbin baƙi suka iso daga otal, aka jera su a gaban allo. Labarin hoton ya zaga gari, har 'yan kallo suka taru a bakin rumfa. Shazli ya gyara rawani, ya ɗauki jan alƙalami, ya yi shiru. Ya zana da'ira, ya tsaya yana kallonta. Can ya ce, "Wurin ba zurfi. Ku bi hagu. In iska ta yi rabi ku juyo. A sauka lafiya."

Madam Gudrun ta ce a hankali, "Rayyis, Hajja fa?"

Ya mayar wa alƙalamin murfinsa. "Babu Hajja, Madam."

Da rana ya shigo gida ya tarar ina ɗinke yagaggiyar rigar. Ya ce, "Bar ta, Umm Tahani. Ba sai kin ƙara jiƙa ta ba." Na ce da ma na gaji, bayana ya huta, gishirina ya huta. Kuma har zuciyata na faɗa.

Amma da gari ya waye, kafin in ɗora wake, sai na tsinci kaina a bakin famfo, baho ya cika, gishiri a tafin hannuna. Na zauna nan a ƙasa na yi ta kukan Rifa'i kamar ranar ce aka fita da shi.